Takarda a Ƙarƙashin Kabeji

Sunanta na yanka Insaf, amma tun da ta haifi ɗanta na fari babu wanda ya ƙara kiranta da shi a garin Damanhur sai ma'aikacin fansho. Ummu Rafat kowa ya sani. Gajera ce mai faɗi, mai ƙarfin murya da raunin gwiwa. Ba ta tsoron ɓera, ba ta tsoron ɗan sanda, ko uwar mijinta ma ba ta ji tsoronta ba lokacin da take raye. Abu ɗaya ne a duniya ke sa ta zufa, wato takarda a linke wadda ta ce a kwafe ta.

Tsoron ya samo asali tun tana yarinya a ƙauye. Mahaifinta manomin auduga ne. Wata Juma'a ya fito daga masallaci ya zura ƙafa a takalminsa, sai ya ji abu yana ƙara. Takarda ce, rubutun hannu. Ta ce wani mai gadin rijiya a hanyar alhazai ya yi mafarki an umarce shi ya gargaɗi mutane, kuma duk wanda takardar ta shiga hannunsa ya kwafe ta sau bakwai ya raba wa mutum bakwai kafin Juma'a ta biyu ta wuce. Wani farke ya kwafa, raƙumarsa da ta ɓata ta dawo har da ɗa. Wani ya yi dariya, gidansa ya ƙone. Mahaifin Insaf ya karanta har ƙarshe, ya ce mai gadin rijiyar nan bai iya rubutu ba, ya cusa takardar a murhu ƙarƙashin butar shayi.

A shekarar tsutsa ta cinye auduga. Ta cinye ta lardin gaba ɗaya, har ta waɗanda suka kwafa, amma Insaf ta san saboda wa ta zo.

Da ta yi aure ta dawo birni, mijinta Abdulmaujud akawu ne a kamfanin gurzar auduga. Mutum ne mai son zaman lafiya, kuma ya gane tun da wuri cewa kwafe takarda ya fi gardama da matarsa sauƙi. Sai ya riƙa ɗauko takardar kabon daga ofis, ya jera fallaye, ya danne biro har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ƙasa yakan fito dishi-dishi kamar an wanke shi. Insaf takan ɗaga shi a hasken taga ta ce, "Abu Rafat, anya wannan za a ƙirga mana shi?" Shi kuwa ya ce, "In mai mafarkin yana son rubutu mai kyau, ya zo ya sayi biro."

Takardar takan ɓace shekara biyu ko uku, sai a gan ta kuma, ta dawo kamar ɗan ci-rani, ta canza riga. Raƙumar farke ta zama jaki, daga baya ta zama motar haya. Mai gadin rijiya ya taɓa zama mai sharar masallaci, ya sake komawa rijiyarsa. Kowane mai kwafi yakan ƙara bala'in da shi ya fi tsoro, shi ya sa takardar ke ta tsawo. Wanda ya natsu ya duba kwafin shekaru daban-daban zai iya gane abin da ke hana mutanen gari barci a kowane zamani. Insaf ba ta taɓa natsuwa ta duba ba. Kwafa kawai take sa a yi, ta raba, ta huta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa bai wa ba.

Ƙofar da ke kallon tata a hawa na uku na benensu ta Tereza ce, Ummu Milad, doguwa siririya mai ƙaramin giciye a wuyan hannu. A wata ɗaya aka kawo su benen suna amare. Tun a makon farko wani faranti mai shuɗin baki ya fara kai-kawo tsakanin ƙofofin nan biyu, kuma har gashinsu ya yi fari ba a daidaita kan mai shi ba. Doka dai ɗaya ce, kowace mace a layin ta san ta: faranti ba ya komawa wayam, kuma ba ya daɗewa a gida ɗaya. Mayar da shi babu komai zagi ne. Riƙe shi kuwa yanke zumunci ne ba tare da an buɗe baki ba. In Tereza na azuminsu, Insaf da man gyaɗa take girki maimakon man shanu don farantin ya samu shiga. In Ramadan ya zo, Tereza ba ta soya komai sai ta rufe taga. Sun yi wa juna wankan jego, sun binne mazansu shekara ɗaya tsakani. A duk wannan zaman, takardar mafarki ba ta taɓa tsallaka 'yar farfajiyar da ke tsakaninsu ba. Ba wanda ya hana. Abin dai ba a yi ne.

Sai aka buɗe shagon fotokwafi a bakin layi.

Abin da a da yake ɗaukar dare biyu da ciwon wuya, yanzu na'ura ke yinsa kafin mutum ya gama atishawa. Takardar ta cika unguwa. Ana tsintar ta a ƙarƙashin ƙofa, a aljihun rigar da ta dawo daga wurin mai guga, a cikin burodi. Mutane suka fara gaisawa hannu a baya. Wanda ya ce maka "riƙe mini wannan" ya zama abin zargi ko da jariri ya miƙo.

A lokacin gwiwar Ummu Rafat ta daina yarda da matakala, duk cefanenta da kwando take yi. Ta zura shi da igiya daga baranda, Ammu Bayyumi mai kantin ƙasa ya zuba kaya, ta janye. Wata safiya ta janye kwando, ta ɗaga tumatir, ta ga abin a linke.

Ta leƙa ƙasa. "Bayyumi! Allah ya isa!"

"Ba ni ba ne, Hajiya!"

"To tumatir ne ya rubuta?"

"Ni ma ba ni aka yi. Jiya na biya aka yi mini bakwai ɗina, na rabar, na wanke hannuna. Kowa ya ji da tasa."

Ta aika takardar ta kwandon, ya kai shago, ya dawo mata da bakwai, amma ya ƙi taɓa su, da tsinken tsintsiya ya tura su ciki. Rabawar ce aiki. Mai gas da ke zagayawa yana buga tukunya da sifana ya samu ɗaya a cikin kuɗinsa. Mai karanta mitar wuta ya sunkuya, ya miƙe da ɗaya a aljihun baya bai sani ba. Matar da ke hawa na biyu ta shanya zanen gado, Insaf ta sako mata ɗaya daga sama da abin matse shanya. Da kyar da jiɓin goshi shida suka tafi. Amma layi ya farga. In an ga kwandonta na saukowa, sai a watse kamar an ga maciji. Bayyumi sai ya zungure shi da sanda ya kifar kafin ya sa ko albasa.

Alhamis ta ƙarshe ta zo, saura ɗaya. Ɗanta Rafat yana Libiya yana tuƙa tankar mai a hanyoyin hamada, kuma duk bala'in da ta karanta, fuskarsa take gani a ciki. Ta zauna a kicin tana kallon takardar, tana kallon farantin mai shuɗin baki, wanda juyinta ne ta mayar. Ta naɗe ganyen kabeji da shinkafa, ta yi shi da kyau fiye da kullum, kamar mai biyan diyya. Ta linke takardar ƙanana, ta sa a leda, ta kwantar a tsakiyar faranti, ta jera kabeji a kai. Ta ƙwanƙwasa, ta miƙa, ba ta tsaya an sha shayi ba, wai ta bar abu a wuta.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa mata. Tereza ce, faranti a hannu, an jera ƙosan wake yana tururi.

"Kabejinki ya yi daɗi, Ummu Rafat. Har da ƙashi a ciki."

"Wane ƙashi kuma, 'yar'uwa?"

"Shekara arba'in ina cin girkinki, ban taɓa tauna leda ba sai jiya."

Insaf ta dubi silifas ɗinta. "Ke ma kin san ba da mugunta ba ne. Lokaci ne ya ƙure mini."

"Kin karanta ta kuwa? Layi na uku daga ƙasa. Matar da ta ƙi kwafa, ta wayi gari ba ta gani. Ni da likita ya sa wa ranar cire yanar ido watan gobe, ni kika zaɓa?"

"Ba ni na rubuta ba, Tereza."

"Ke kika dafa." Ta miƙa farantin. "Ci da zafinsa. Amma ki tauna a hankali."

A ƙarƙashin ƙosan akwai leda.

Insaf ba ta taɓa sanin Kiristoci ma suna da tasu ba. Ta sa tabarau ta karanta. Wani tsohon fadan coci ne da ke zaune a kogon dutse cikin hamada ya yi mafarki. Kwafi tara yake so, ba bakwai ba, kafin Lahadi ta biyu. Akwai mai motar haya a ciki, kusan shi ne dai na tata takardar, ga alama mutumin nan ba ya nuna bambancin addini wajen asara. Tana cikin taɓe baki ta kai wani layi: wata mata ta jefar da takardar, ɗanta matafiyi bai dawo ba.

Ta zauna a kan tukunyar gas don ita ce mafi kusa.

Ranar ba ta ci ƙosan ba. Ta fita baranda ta kira Bayyumi da muryar da ba a saba ji ba, ƙasa-ƙasa.

"Bayyumi, in Musulma ta kwafi takardar fada, mene ne hukuncinta?"

"Ki tambayi liman mana."

"Kai ka tambayar mini."

Da la'asar ya kawo amsa daga tsakiyar titi, yadda har mai gyaran keke ya ji. "Ya ce duka biyun ƙarya ne, ki ƙona su!"

"Shi ya ƙona tasa?"

"An ce matarsa ce ta kai shago a ɓoye."

Gaba kura, baya siyaki. Ko ta yarda ta yi kwafi tara, babu mutum tara a layin da za su bari ta matso su. Ƙofa ɗaya ce ke buɗe mata a duniya, ita ce ta Tereza, kuma abu ɗaya ne ke shiga ƙofar ba a bincika ba, shi ne farantin. Za ta iya cika shi da takardu tara ta rufe da shinkafa. Ta san abin da zai biyo baya. Tereza za ta rama, ita ma ta rama, har ranar da ɗayarsu za ta wanke farantin ta sa a kabad ta rufe. Daga nan sai gaisuwar matakala, ita da ba ta ma sauka.

Farantin ya kwana a kicin ɗinta, ya sake kwana, ya sake. Bai taɓa daɗewa haka ba ko a makon da aka yi rasuwar Abdulmaujud. Tana jin tarin Tereza ta bango, tana jin ƙarar cokalinta a kofin shayi, ba mai ƙwanƙwasa wa wani. Ta gwada tuna yadda mahaifinta ya yi fuska lokacin da ya cusa tasa a wuta, sai ta tuna tsutsa. Ta tuna Rafat da tankarsa. Ta kuma tuna Tereza, wadda ta riƙe mata kai ranar da ta haifi Rafat ɗin, tana ce mata, "Yi ihu, 'yar ƙauye, ba wanda zai ci ki tara."

Ran Laraba ta aika Bayyumi ya nemo mata zomo. Ta yanka ganyen lalo da kanta har hannunta ya gaji, ta soya tafarnuwa, ƙamshi ya sauka har hawa na ɗaya. Ta zuba miyar a kwano, ta ɗora a kan farantin, ta jera naman a gefe. Takardar fada kuwa ta bar ta a kan firij, ta danne da kwalbar gishiri kada ta gudu.

Tereza ta buɗe ƙofa, ta karɓa. A tsaye a nan ta ɗaga kwanon ta leƙa ƙasansa. Ta ɗaga cinyar zomo. Ta kawo farantin daf da idonta mai gani, ta karkata shi. Har ta sa cokali ta juya miyar.

"Ina take?"

"Tana kan firij."

"Kin kwafa?"

"Ban kwafa ba."

"Rafat fa?"

"Allah ne ya kai shi Libiya, ba fadanku ba."

Tereza ta sauke farantin. Sannan ta ce, "Na rantse da Budurwa Maryamu, tun da na ba ki abin nan ban yi barcin kirki ba. Shekara shida tana cikin akwatina, tun da matar ƙanena ta cusa mini a jaka a coci. Ban taɓa kwafa ba. Haushi ne ya sa na ciro ta."

"Shekara shida? Ba abin da ya same ki?"

"Ciwon baya."

"Wannan ai tun kafin nan kike da shi. Tawa fa, kin kwafa?"

"Da wane idon? Kuma mai shagon nan ɗan cocinmu ne. In je in ce ya yi mini bakwai na mai gadin rijiyar alhazai, kafin Lahadi fada ya ji."

Sai suka ga ashe kowace tana riƙe da bala'in 'yar'uwarta. Jefarwa ba ta taso ba, don duka biyun akwai sunan Allah a ciki. Ƙonawa kuwa Insaf ta ce a kan gawarta, ta ga abin da ƙonawa ke jawowa. Aka yi yadda ake yi da kowace takarda mai sunan Allah da aka tsinta a ƙasa. Akwai tsaga a bango saman akwatin mita, daidai tsakanin ƙofofin biyu. Tereza da ta fi tsawo ta hau kujera ta cusa su tare.

"Su sasanta kansu a ciki," in ji ta.

Wa'adin takardar mai rijiya Juma'a ne, na ta fada Lahadi, don haka suka yanke su jira bala'in tare, kada ya samu ɗaya ita kaɗai. Suka fitar da kujeru barandar Insaf. Juma'a ta wuce, ba abin da ya faru sai shayi da ya ƙare. Asabar ma haka. Suka bi jerin asarar ɗaya bayan ɗaya don su san ta inda za a ɓullo musu. Ba su da motar haya. Ba su da shago. Miji kuwa an riga an ɗauke. Duk da haka duk motar da ta tsaya a bakin layi sai Insaf ta miƙe ta ga ko mai kawo labari ne, Tereza kuma takan rufe ido ɗaya ta gwada ɗayan a kan allon kantin Bayyumi.

Ran Lahadi da yamma, rana ta kusa faɗuwa, Tereza ta ce tunda ba a mutu ba a ci ƙwai. Insaf ta zura kwando. Bayyumi ya zungure shi bisa al'ada, ya ga babu takarda, ya zuba ƙwai da kwalbar man zaitun da ƙullin garin barkono. Igiyar nan tun Abdulmaujud na raye ake jan ta. Ta haura hawa na ɗaya, ta haura na biyu, hannun Insaf ya kusa kaiwa, sai ta ce tas.

Bayyumi bai matsa ba, yana tsaye yana gyara hularsa.

Da suka leƙa, yana zaune a ƙasa, kwando a kansa, gwaiduwa na bin gemunsa, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa.

"Ni!" ya ce da ya samu numfashi. "Ni da na yi bakwai ɗina! Na biya! Na rabar!"

Ummu Rafat ta dafe ƙirji. "Alhamdu lillahi, ya sauka. Wannan aikin mai rijiyarmu ne."

"Mai rijiyarku wa'adinsa ya wuce tun shekaranjiya. Yau Lahadi, ta fadanmu ce," in ji Tereza.

"Namu ba ya gaggawa."

"Naku ko saiti bai iya ba."

"To naku ne ya iya? Ni aka aiko wa, ya samu Bayyumi!"

Suna wannan gardama har aka kira magariba, Bayyumi na ƙasa yana tambayar wa zai biya ƙwai.

An yi wa Tereza aikin ido a watan da aka sa. Na dama ya washe tas, na hagu ya ƙi. Ta ce wa Insaf, "Mutumin naku rabin ƙarfi gare shi." Rafat ya dawo da babbar salla, ya yi ƙiba, ya kawo wa uwarsa bargo da sabuwar igiya, don labarin ya riga shi isa har Libiya. Tsagar bangon kuwa mutanen benen suka gano ta. Duk wanda aka cusa wa takarda sai ya hau hawa na uku ya ƙara a kan na baya, har mai karanta mita ya yi ƙorafin ba ya ganin lamba.

Ba za a ce Insaf ta daina tsoro ba. Har ƙarshen rayuwarta in ta wuce akwatin mitar takan yi wa tsagar sallama, don ba a sani ba. Amma ba ta ƙara kwafa ba. Da abin ya koma cikin wayar hannu, jikanyarta ta karanta mata wani saƙo mai cewa a tura wa mutum ashirin, har da mai motar hayar nan a ciki, yanzu ya zama mai babur mai ƙafa uku. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Bawan Allah, har yanzu bai daina asara ba?" Sannan ta ce a ajiye wayar a yanka mata albasa.

Tereza ce ta riga tafiya, a wani sanyi. Farantin yana wajen Insaf a lokacin, juyinta ne. Ya yi kwanaki a kicin tana kallonsa. Bayan an share makoki, ɗanta Milad ya dawo gidan da iyalinsa. Insaf ta naɗe kabeji, da man gyaɗa don suna azumi, ta ja ƙafa zuwa ƙofar ta ƙwanƙwasa. Matar Milad ta buɗe, yarinya ce 'yar Iskandariya da ba ta san komai na benen ba.

"Na gode, Anti. Zan wanke in kawo miki farantinki."

"Ba nawa ba ne," in ji Ummu Rafat. "Kuma kada ki kawo shi wayam."